Motar kara: wasa farin girki

Garin Maijirgi yana gabas da Tasawa, a bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta jahar Maraɗi, ta nufi Damagaram. Dare da rana manyan motoci suna wucewa da kaya. Yaran garin suna kallon su da kyau. Bayan an gama girbi, sai su shiga gona su tsinci kara, su zauna ƙarƙashin gawo su ƙera tasu motar. Haka yara suke yi a ƙauyukan Tasawa da na Mayayi.

Da me ake yin ta?

Ana fere bayan karan dawa siri-siri. Ana yanka totuwar da ke ciki gunduwa-gunduwa. Ƙayar aduwa ita ce ƙusa. Tsohon takalmin roba shi ne taya. Wasu suna yin tasu da waya ko da gwangwanin kifi. Su ɗaura mata dogon kara, suna tafe suna tuƙi.

Gangar jiki ba ta da wuya. Aikin yana cikin ɗakin direba: kujera, sitiyari, sandar giya da madubi. In kujera ta yi girma, ba ta shiga. In sitiyari ya yi ƙanƙanta, motar ba ta yi kama da ta gaske ba. Nan ne lissafi yake shigowa.

Manya ma suna wannan wasa

A shekarar 1898, wani masani mai suna Nikola Tesla ya nuna wa mutanen birnin New York, a ƙasar Amurka, wani ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa daga nesa, ba igiya. Wannan dabara ce ta haifi motocin wasa masu rimot. A ƙasar Japan akwai kamfanin Tamiya. A shekarar 1946 ya soma da sana'ar katako, daga baya ya koma ƙera kayan wasa. A shekarar 1993 ya fito da babbar motar kaya mai rimot. Tsawonta da faɗinta kashi 1 ne cikin 14 na motar gaske. Magidanta ne suke sayen ta, su haɗa ta da hannunsu.

Su ma ɗakin direba ne yake ba su wahala. Batir da wayoyi suna cinye wuri. Don haka sukan ɗaga daɓen ɗakin sama, su ɓoye wayoyin a ƙarƙashi. Wani lokaci har sai sun rage ƙafafun ɗan mutum-mutumin direba kafin ya zauna daidai.

Dabarar igiya

Yaron ƙauye ba ya bukatar kayan kanti kafin ya auna daidai. Igiya ta isa. In babbar mota ta tsaya a tasha, ya nemi izinin direba, ya auna faɗinta da igiya, ya yanke. Ya ninka igiyar gida 2. Ya sake ninkawa, ta zama 4. Ya sake, ta zama 8. Ya sake, ta zama 16. Ninki huɗu ke nan. Abin da ya rage a hannunsa shi ne faɗin ƙaramar motarsa.

Ga misali. Faɗin babbar mota kamar metir 2 da rabi ne. In an raba shi gida 16, ya zama kusan santimetir 16. Sitiyari mai faɗin santimetir 48 ya koma santimetir 3. Haka za a yi wa kujera da ƙofa da taya. Doka ɗaya ce: kowane abu ninki huɗu. In an yi wa kujera ninki uku, an ɓata aiki.

Sai a fara da daɓe. A kafa kujera, sannan sitiyari. Rufi shi ne na ƙarshe. In an sa ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, a ajiye batir a baya, wajen kaya. Kayan ciki su zama na totuwa, don ba ta da nauyi.

Kira ga iyaye

Uba yakan ga ɗansa da kara da wuƙa, ya ce ɓata lokaci ne. To, a duba da kyau. Yaron nan yana koyon awo da rabawa. Wannan lissafin ne ake bukata wajen auna gona, da tazarar shuka, da rabon taki. Shi ne kuma tushen aikin kafinta, da maƙeri, da makanike.

Amma akwai hattara guda uku. Na ɗaya, kada yara su tuƙa motarsu a kan kwalta, don babbar mota ba ta tsayawa nan take. Na biyu, kada a yar da mataccen batir kusa da rijiya ko garke, kada kuma ƙanana su sa shi a baki. Akwai guba a cikinsa. Na uku, kara abincin dabbobi ne da rani, kuma da shi ake darni. Yaro ya tambayi mai gona kafin ya ɗiba.

In ya kawo ruwa, ya ba awaki haki, ya yi karatunsa, a bar shi da motarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.