Kifi da Anemoni a Akwatin Ruwan Gishiri

Duk wanda ya fara ganin anemoni a ƙarƙashin teku zai ɗauka fure ce. Ga launi, kore ko ja ko ruwan hoda, ga dogayen yatsu masu taushi suna rausaya duk inda ruwa ya kaɗa su. Amma dabba ce, 'yar uwar murjani, kuma mafarauciya. Tana da tafin ƙafa guda mai faɗi da take manne wa dutse da shi, da baki ɗaya a tsakiya wanda ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma ragowarsa ke fita. Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa. Makaminta yana jikin yatsun nan: dubban ƙananan ƙwayoyin harbi, kowace da zaren dafi a nannaɗe a cikinta. Da zarar ƙaramin kifi ko jatan lande ya goge su, sai zaren ya fito ya soke shi, jikinsa ya mutu, yatsun su naɗe shi su kai baki.

Shi ya sa masanin halittu ɗan Ingila, Cuthbert Collingwood, ya yi mamaki da ya ga wasu ƙananan kifaye suna shiga suna fita a cikin manyan anemoni a tekun da ke kudu da ƙasar Sin, ba abin da ya same su. Ya buga labarin a shekarar 1868. Kifayen nan su ne yau ake kira kifin anemoni, kuma yara a duniya sun san ɗaya daga cikinsu, mai ruwan lemo da farin zane uku, saboda fim ɗin Finding Nemo na 2003. Wannan haɗi na kifi da anemoni shi ne burin da yawa daga cikin masu ajiye halittun teku a akwatin gilashi, kuma a kansa ana yawan yin asara.

Akwai nau'in anemoni fiye da dubu a tekunan duniya, amma guda 10 kacal masana suka daɗe suna lissafawa a matsayin masu karɓar kifi. Kifayen kuwa nau'i ne kamar 30. Dukkansu 'yan ruwan ɗumi ne na tekun Indiya da na Pasifik, tun daga gabashin Afirka har kudancin Japan da Ostireliya. A Bahar Maliya, tsakanin Port Sudan da Jidda, akwai wani mai ruwan ɗorawa da farin zane biyu. A tekun Atlantika kuwa babu ko ɗaya.

Sirrin kifin yana cikin yauƙin da ke rufe fatarsa. Anemoni ba ta harbi haka kawai, sai ta ji taɓi kuma ta ɗanɗani wasu sinadarai da ke jikin abin da ya taɓa ta. Masu bincike a wata cibiyar kimiyya da ke Okinawa ta Japan sun nuna a 2025 cewa yauƙin kifin anemoni yana da ƙarancin wani nau'in sukari da ake kira sayalik asid, wanda ke cikin abubuwan da ke tayar da harbin. Jariran kifin suna da shi da yawa, kuma anemoni na iya harbinsu, sai sun girma zanensu ya fito sannan ya ragu. Ko babban kifi ma ba ya faɗawa kai tsaye cikin baƙuwar anemoni. In ka zauna gaban gilashi ka lura, za ka ga ya fara kewaya ta, ya matso ya goga fiffiken cikinsa a kan yatsa ɗaya, ya zabura ya ja baya. Ya dawo ya goga wutsiya. Haka zai yi ta yi, wani lokaci mintuna, wani lokaci sa'o'i, kowane taɓi ya fi na baya daɗewa, har ya nutse cikin yatsun ya bar ido da baki kaɗai a waje.

Zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Kifin ba gwanin iyo ba ne, in ya yi nisa da gida manyan kifaye za su haɗiye shi, don haka yatsun dafin nan su ne ganuwarsa. Shi kuma yana korar kifayen da ke cin yatsun anemoni, kashinsa taki ne gare ta, kuma motsin da yake yi a cikinta da dare yana sauya mata ruwa ta sami iska.

A cikin anemoni guda akwai tsari mai tsauri, kuma wanda bai san shi ba, zai tara kifaye su kashe juna. Babbar cikinsu ita ce mace. Mai bi mata shi ne mijinta. Sauran ƙanana ba sa haihuwa, jira suke yi. Peter Buston, wanda ya bi rayuwarsu a gaɓar Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya nuna cewa kowane kifi yana tsayar da girmansa a kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke gabansa, don kada a kore shi. In macen ta mutu, mijin ne zai rikiɗe ya zama mace, na uku kuma ya hau matsayin miji. Abin da wannan ke nufi ga mai akwati shi ne ya sayi biyu ƙanana nau'i ɗaya, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ya bar su su daidaita. Manyan mata biyu a akwati ɗaya faɗa ne har mutuwa. Haɗa nau'i biyu a ƙaramin wuri ma haka.

Wa ke zama da wa

Ba kowane kifin anemoni ke shiga kowace anemoni ba. Nau'in da ake kira Amphiprion clarkii ba ya zaɓe, ana samunsa a dukkan goman nan. Akwai kuma masu gida ɗaya tak: jan kifin nan frenatus, da wani babba mai launin jan ƙasa da ƙaya a kumatu, biaculeatus, ba sa zama a teku sai cikin anemoni mai kumburarrun yatsu, wadda masana ke kira Entacmaea quadricolor. Shi kuwa ocellaris, kifin Nemo da kowa ke nema, gidajensa na asali uku ne: magnifica, da manyan anemoni biyu masu shimfiɗa, gigantea da mertensii. Ga inda gizo ke saƙar: waɗannan ukun suna cikin mafi wuyar rayawa a akwati. Suna son haske mai ƙarfin gaske da ruwa mai gudu, ba sa jure doguwar tafiya a jirgi, kuma mertensii na iya wuce mita guda a faɗi.

Saboda haka mai kumburarrun yatsu ce zaɓin mai hankali. Ta fi jure kuskure, tana karɓar nau'in kifi fiye da goma, kuma takan tsage gida biyu da kanta, kowane ɓari ya zama cikakkiyar anemoni, ta yadda masu kiwo kan sayar wa juna ba tare da an taɓa teku ba. Ocellaris kan amince da ita a akwati ko da yake ba gidansa ba ce a teku, sai dai babu tabbas. Wani ya shige ta ran farko, wani ya yi watanni yana kwana a lungun famfo ko cikin wani murjani mai laushi, bai ko kalle ta ba. Wasu kan matsa wa kifin ta hanyar kulle shi da anemoni a ƙaramin mazubi. Wannan zalunci ne, kuma yana iya ƙarewa da harbi, domin an hana shi sabawar nan ta sannu a hankali. Akwai kuma wata mai araha da ake kawowa daga tekun Karibiyan, Condylactis. Ita 'yar Atlantika ce, kakanninta ba su taɓa zama da kifin anemoni ba, kuma tana iya cinye shi.

Girma ma abin dubawa ne. Babbar macen biaculeatus, wadda kan kai santimita 15 ko fiye, in aka ba ta ƙaramar anemoni za ta yi ta turmusa ta da ƙauna har ta hana ta buɗewa, ta rame ta mutu.

Sauran mazauna akwatin sun kasu biyu: masu cin anemoni, da waɗanda anemoni ke ci. A rukuni na farko akwai yawancin kifayen dangin Chaetodon, masu faɗin jiki da tsinin baki, da manyan kifayen da ake kira enjel, da masu kumbura jiki in sun tsorata. Waɗannan za su yi ta tsinkar yatsunta. Rukuni na biyu ya fi ban tausayi: kifaye masu nawa da ke yawo a ƙasan akwati, irin su mandarin da ƙananan gobi da dokin teku. Anemonin haddoni, wadda ke shimfiɗe a kan yashi kamar darduma, tana da gajerun yatsu masu danƙo sosai, kuma kifin da ya firgita da dare ya faɗa kanta ba ya tashi. Masu kiwo kan bar ɗan haske mai rauni da dare don kifaye su ga inda take. Kifayen da ke iyo a tsakiyar ruwa, masu lura, irin su tang da ƙananan kifayen kadinal, sukan kauce mata su zauna lafiya. Wata ƙaramar ƙaguwa fara mai jajayen ɗigo da wasu jatan lande masu jiki garai-garai su ma gidansu anemoni ne, amma kifin anemoni kan kore su in wuri ya yi ƙunci.

Abin da anemoni ke bukata

A ganina a nan ne ya kamata hisabin ya fara, domin kifin mai sauƙi ne, anemoni ce mai wuya. A cikin naman duk anemonin da ke karɓar kifi akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ke sarrafa hasken rana su ba ta yawancin abincinta. Su ne ke ba ta launin ƙasa-ƙasa ko kore. In haske ya gaza, ko ruwa ya yi zafi, sai ta fitar da su ta koɗe ta yi fari fat, daga nan yunwa ce. Farar anemoni a shago tana da kyau a ido, amma mara lafiya ce. Har akwai 'yan kasuwar da ke rina koɗaɗɗiyar da launin ɗorawa mai ƙyalli don ta ja mai saye. Lafiyayya bakinta a tsuke yake, ƙafarta ba yagewa, ta manne gam, kuma in aka taɓa ta takan tsuke.

Ruwan kuma dole ya yi kama da na teku ya kuma tsaya a hakan: gishiri kusan giram 35 a kowace lita, zafi tsakanin digiri 24 da 27. A ƙasashe masu zafi wannan na nufin na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa. Sabon akwati ruwansa bai zauna ba, shi ya sa gogaggu ke cewa a jira wata shida zuwa shekara kafin a sa anemoni.

Sannan tana tafiya. In wurin da aka ajiye ta bai yi mata ba, sai ta ja ƙafa a hankali ta haye duwatsu, tana ƙona duk murjanin da ta goga. Wani lokaci ta saki dutse gaba ɗaya ruwa ya ɗauke ta. In famfon da ke juya ruwa ba shi da raga a baki, zai zuƙe ta ya niƙe, ruwa ya yi fari da dafi da ruɓaɓɓen nama, a wayi gari kifaye sun mutu. Ragar da ba ta kai kuɗin kifi ɗaya ba ita ke hana wannan.

Abin da ya fi sa ni jin nauyin lamarin shi ne tsawon ranta. A 1828 wani masani ɗan Sikotland, John Dalyell, ya ɗauko wata ƙaramar anemoni a gaɓar North Berwick ya sa a tulun gilashi. Ta binne shi, ta wuce hannun masu kula da dama, ba ta mutu ba sai 1887 a Edinburgh, bayan kusan shekara 60. Manyan masu karɓar kifi ma dabbobi ne masu daɗewa, masu jinkirin yaɗuwa. In aka ɓamɓare ɗaya daga teku a Indonesiya ko Filifin, an rushe gidan dangin kifi guda, kuma wurin zai daɗe bai sami madadinta ba. In ta mutu a akwatin wani cikin wata uku, wannan asara ce babba.

Kifin kuwa tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a gonakin kifi a Florida, kuma yau ana samun na kiwo a kasuwa a yalwace. A akwatin da babu mai farautarsa ba ya bukatar anemoni ko kaɗan. Zai ci, ya girma, ya yi ƙwai a jikin dutse ko kaskon yumɓu, namijin ya tsare su yana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe cikin mako guda ko kwana goma.

Don haka, mai karatu, in kana da niyyar wannan kiwo, fara da kifi biyu na gona. Bari akwatinka ya shekara, ka tanadi haske, ka rufe bakin famfo, ka fitar da duk kifin da zai ci anemoni ko ita ta ci shi. Bayan nan ka nemi mai kumburarrun yatsu wadda ta tsage a akwatin wani mai kiwo. In ba za ka iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ka bar anemoni a teku.