Kuɗin Baƙi a Ƙasar Sin: Takardun da Suka Raba Kasuwa Biyu

A ranar 1 ga Afrilun 1980, Bankin Sin ya fito da wasu takardun kuɗi da ba a buga su domin 'yan ƙasa ba. Duk baƙon da ya sauka, ɗan yawon buɗe ido ko ɗan kasuwa, idan ya miƙa dalarsa a banki, su ake ba shi maimakon renminbin da jama'a ke kashewa. An fi saninsu da FEC.

Ƙasar ta fara buɗe ƙofofinta a zamanin Deng Xiaoping, tana ƙishirwar kuɗin waje, kuma gwamnati na so kowace dala ta biyo ta hannunta. Da waɗannan takardu baƙo yake biyan kuɗin otal, yana kuma sayayya a Kantunan Zumunci, inda ake jibge talabijin da agoguna da sauran kayan waje da talaka ba ya samu a kasuwa.

A hukumance, yuan ɗaya na FEC daidai yake da yuan ɗaya na renminbi. A kan titi kuwa ba haka abin yake ba. Tun da takardar baƙi ce ke buɗe ƙofar waɗancan kantuna, sai 'yan ƙasa suka riƙa sayenta da tsada, 'yan canji suka yi ta tsayawa a bakin otal-otal suna tarar baƙi. Kasuwar bayan fage ta bunƙasa. Zuwa 1993, dala tana kusan yuan 5.8 a farashin gwamnati, amma wajen 8.7 a kasuwar musayar kuɗin waje ta kamfanoni. Ranar 1 ga Janairun 1994 aka haɗe farashin biyu, aka daina fitar da FEC, sannan aka janye su a 1995.

Yau masu tara tsofaffin kuɗi ne ke nemansu. Takardun iri bakwai ne, daga jiao 1 (ɗaya bisa goma na yuan) zuwa yuan 100, kowace da hoton wani wuri mai jan hankalin baƙi: Haikalin Sama na Beijing a kan jiao 5, tafkin Hangzhou a kan yuan 1, Babbar Ganuwa a kan yuan 100. Takardar da ba a taɓa lanƙwasawa ba ta fi daraja nesa ba kusa ba.

Wasu ƙasashe ma sun gwada irin wannan tsari. Myanmar ta soke nata FEC a 2013, Kuba kuma ta janye kuɗinta na biyu, CUC, a 2021.