Ko Kun Sani? Asalin Sunan Hannatu

Hannatu suna ne na Ibrananci, asalinsa Hanna, ma'anarsa alheri ko tagomashi. Saiwarsa ɗaya da kalmar Larabci "hanan", wato tausayi. A Littafi Mai Tsarki, Hannatu ce matar da ta daɗe ba haihuwa, ta yi ta roƙon Allah da hawaye har ta sami Sama'ila, wanda daga baya ya naɗa Dawuda sarauta. Malaman tafsiri kuwa da wannan suna suke ambaton matar Imrana, mahaifiyar Nana Maryam. Shi ya sa ake raɗa shi a gidan Musulmi da na Kirista, abin sha'awa. Girkawa sun mai da shi Anna. "Tu" ɗin ƙarshe irin na A'ishatu ne.