Laftof, Netbuk ko Tablet: Wacce Ta Dace da Ɗalibi da Ma'aikaci a Gaya da Ajingi?

Na'urori uku ne ake yawan ɗorawa a ma'auni idan mutum ya tashi sayen kwamfutar da zai riƙa yawo da ita. Akwai laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Akwai netbuk, wadda 'yan kasuwa suka fi kira "mini". Sai tablet, wadda fuska ce zalla, babu madannai, da yatsa ake sarrafa ta. A ido kamar wa da ƙani da auta ne, girma kawai ya raba su, amma kowacce da aikin da aka ƙera ta dominsa. A gari irin Gaya ko Ajingi, inda wutar lantarki ba ta da alƙawari, mai gyara kuma sai an yi tafiya kafin a same shi, wanda ya yi kuskuren zaɓi yakan daɗe yana biyan kuɗin kuskurensa.

Laftof cikakkiyar kwamfuta ce da aka naɗe ta kamar littafi. Faɗin fuskarta yakan kama daga inci 13 zuwa 15 da ɗoriya, nauyinta daga kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma mafi yawan waɗanda ke hannun mutane a Kano manhajar Windows ce a kansu. Duk abin da kwamfutar kan tebur ta ofis za ta yi, ita ma za ta yi.

Netbuk kuwa tarihinta gajere ne, kuma Najeriya tana cikinsa. A 2005 Nicholas Negroponte na Amurka ya fito da shirin ƙera kwamfutar dala ɗari domin yaran ƙasashe masu tasowa, a 2007 aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ganin haka kamfanoni suka fahimci akwai kasuwa a ƙaramar kwamfuta mai araha. A wannan shekarar kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC mai fuska inci 7, sauran kamfanoni suka bi sahu, yawancinsu da fuska inci 10, da ƙaramin inji na Intel Atom, da ƙwaƙwalwar aiki (RAM) giga ɗaya. An yi ta ne don shiga intanet da ɗan rubutu, ba don aiki mai nauyi ba. Tashenta bai wuce shekara biyar ba. A 2010 kamfanin Apple ya fito da iPad, tablet masu Android suka biyo baya, zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera netbuk. Sai dai abin da Turai ta yar ba ya rasa mai ɗauka. Har yau ana ganin "mini" a shagunan kayan gwanjo na titin Beirut a Kano, wasu tsofaffin netbuk ne na asali, wasu kuma 'yan bayansu ne masu inci 11, ciki har da Chromebook da aka kwaso daga makarantun Turai da Amurka.

Tablet ita ce ta fi kama da waya, har ana iya cewa babbar waya ce. Nauyinta bai cika wuce rabin kilo ba. Lokacin da gwamnatin Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare irinta a 2013, sai ta raɗa mata suna Opon Imo, wato allon ilimi da Yarbanci. Sunan ya zauna daidai a kunnen Bahaushe, domin kamar allon makaranta ake riƙe ta, a ɗora a cinya a duƙufa. Mutane da dama a ƙananan hukumomin Kano sun fara riƙe ta ne ta hanyar shirin N-Power, wanda ya ba kashin farko na matasan da ya ɗauka a 2016 tablet domin aikin koyarwa da lafiya da noma.

A fagen karatu, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: ɗalibin nan karantawa zai fi yi, ko rubutawa? Idan karantawa ce, tablet ba ta da na biyu. Littafin da aka turo ta WhatsApp yana fitowa shafi guda cur, ba sai ana ja ana matsewa kamar a waya ba. Ana iya kishingiɗa da ita a tabarma, ana iya karatu da ita a duhu. Malamin Islamiyya ko almajirin ilimi da ke son tara littattafan Larabci zai iya zuba ɗaruruwa a cikinta, kuma rubutun Larabci mai wasali ya fi daɗin gani a faffaɗar fuska. Haruffa masu lanƙwasa ma, irin su ɗ da ƙ da ɓ, sun fi sauƙin samu a madannan Android, inda, idan an zaɓi Hausa, ɗan danna harafi a riƙe ya isa. A Windows sai an shiga an ƙara tsarin madannan Hausa, abin da masu buga takardu da yawa ba su damu da yi ba, shi ya sa ake ta ganin "kasa" a wurin "ƙasa".

Amma da zarar aiki ya koma rubutu mai tsawo, sai labari ya sha bamban. Ɗan Gaya da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Bayero, zai kai shekarar da za a ce ya kawo kundin bincike mai shafi hamsin ko fiye, da jadawali, da lambobin shafi, da jerin manazarta. Yin wannan da yatsa a kan gilashi azaba ce. Ana iya haɗa wa tablet madannai na waje, amma Word da Excel da ke kanta ragaggu ne, ba su kai na kwamfuta ba. Ga kuma manhajojin da darasi ke tilastawa: SPSS ga mai nazarin alƙaluma, cikakkiyar AutoCAD ga mai zanen gini, da kayan koyon rubuta manhaja. Waɗannan laftof suke so, kuma mai ɗan ƙarfi. Tsohuwar netbuk za ta buɗe Word, za ta yi rubutu, amma a buɗe mata shafuka uku na intanet na yau sai ta tsaya cik tana tunani.

Akwai wani abu da iyaye kan manta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan a 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. A zauren jarrabawa madannai da linzami ɗalibi zai tarar. An sauƙaƙa abin, ana danna A, B, C ko D domin amsa, N domin tambaya ta gaba, P domin komawa baya. Duk da haka, yaron da bai taɓa ɗora hannu a kan madannai ba yakan ɓata mintuna yana laluben harafi, wani ma ya kai yatsa yana taɓa fuskar kwamfutar yana jiran ta motsa. A nan ne "mini" mai araha take da rana. Ko ba ta iya komai ba, za ta koya wa yaro inda haruffa suke, kuma tambayoyin gwaji da ba sa buƙatar data ba su fi ƙarfinta ba.

A wurin aiki ma rabon haka yake. Aikin da ake yi a tsaye, ana yawo, na tablet ne: ma'aikacin lafiya mai cike fom gida-gida, malamin gona mai ɗaukar hoton gona da wurin da take, mai ƙidayar kaya a sito. Na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a rumfunan Gaya da Ajingi a zaɓen 2023 'yar wannan dangi ce, kuma ba don komai aka zaɓi irin wannan ƙira ba sai don tana da kyamara, tana riƙe caji, ana iya riƙe ta da hannu ɗaya. Aikin da ake yi a zaune kuwa, irin lissafin albashi a sakateriyar ƙaramar hukuma, ko haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari uku, ko shagon buga takardu da yi wa mutane rajista, na laftof ne. Firinta da sikana da filas duk da ita suka fi jituwa.

Batun wuta shi ne yake rikita wannan lissafi. Cajar laftof takan ja wat 45 zuwa 65, kuma sai da soket, ko na kamfanin wuta na KEDCO, ko janareta, ko sola mai inbata. Cajar tablet wat 10 zuwa 20 ce, ta hanyar igiyar USB irin ta waya. Ke nan ƙaramar solar da ake kafawa a rufin ɗaki don fitila da waya za ta ciyar da tablet, haka ma batirin ajiya da ake kira fawa banki. Mai ƙarfin 20,000 mAh zai cika matsakaiciyar tablet kusan sau biyu. Sabuwar tablet tana iya yin awa takwas ko goma ana karatu. Laftof ta gwanjo kuwa, batirinta ya riga ya sha duniya kafin ta iso Kano, awa biyu ma sai an yi sa'a. Wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai caji ya san yadda abin yake: katako cike da soket, wayoyi jere kowacce da lamba manne a bayanta, janareta na kuka a waje. Tablet tana shiga wannan layi kamar kowace waya. Laftof sai an nema mata wuri na musamman, kuɗinta ya fi, mai ita kuma ba ya son ya tafi ya bar ta. Sababbin laftof masu caji ta USB-C sun fara rage wannan wahala, amma ba su ne suka fi yawa a kasuwar ta-hannu ba.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Laftof tana da fanka a ciki mai zuƙo iska, da hunturu kuwa ƙura take zuƙowa, har ta toshe hanyar iskar, injin ya yi zafi, ta riƙa mutuwa da kanta. Ɗora ta a kan katifa ko darduma yana ƙara dagula lamarin, don ta ƙasa take shaƙa. Faranti ko guntun katako ya ishe ta. Tablet ba ta da fanka, ƙura ba ta dame ta ba, amma zafi abokin gabar batirinta ne. Kamfanin Apple ya ƙayyade wa iPad digiri 35 a matsayin iyakar zafin da za a yi aiki da ita, alhali a watan Afrilu zafin Kano yana kai 40. Barin ta a gaban mota da rana, ko yin caji ana kallo a ɗaki mai rufin kwano, shi ke kawo kumburin batir.

Ga matafiyi, tablet ta yi zarra. Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil tafiyar kimanin kilomita 60 ce, a motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya. Jakar laftof a irin wannan matsi tana iya fita da tsagaggen gilashi. Tsofaffin laftof da netbuk kuma suna da ma'adana mai faifai da ke juyi sau 5,400 a minti, wadda girgizar acaɓa a hanyoyin ƙauyukan Ajingi ba ta yi mata daɗi, musamman idan ba a kashe na'urar sosai ba. Ma'adanar SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, kuma sauya tsohuwar da ita shi ne gyara mafi riba da za a yi wa kwamfutar gwanjo. Tablet da yawa suna karɓar layin waya, laftof kuwa sai an jona ta da waya ko modem. Mai tafiya Hajji ko Umara ya sani cewa fawa banki a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna ba.

Duk da wannan, akwai abin da ya rage wa tablet daraja, wato wayar da ke aljihu. Wayoyin yanzu fuskarsu ta kai inci shida da rabi, kusan girman Eee PC ta farko. Mai irin wannan waya da ya sayi tablet mai inci 7 ko 8 bai ƙaru da komai ba sai nauyi. Idan kuɗin na'ura ɗaya kawai ake da shi, kuma da waya mai kyau a hannu, laftof ta hannu mai lafiya ta fi buɗe sabuwar ƙofa, sai fa idan karatun littattafai ne kaɗai buƙatar, a nan tablet mai inci 10 ta cancanci kuɗinta. Ƙananan tablet masu launi-launi da ake tallatawa da sunan na yara su ne suka fi cin kuɗin mutane a banza: abin da aka rubuta a kwali sau da yawa ba shi ne a ciki ba, idan gilashin ya fashe kuma samun irinsa aiki ne.

Gyara yana bin wannan hanya. Laftof na HP da Dell da Lenovo, musamman ƙirar ofis, kayansu suna samuwa a titin Beirut. Ana canza batir, ana ƙara RAM, ana sauya madannai. Tablet a manne take da gam, abin da aka saye ta da shi da shi za ta mutu, kuma masu gyaran waya na Farm Centre sun fi samun kayan sanannun kamfanoni irin Samsung da Tecno. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sabon kaya ya yi wa mutane da yawa nisa, don haka ta-hannu ake saye, kuma a nan sai an buɗe ido. Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance, idan injin Intel ne, tana buƙatar na zubi na takwas zuwa sama, da RAM aƙalla giga 4, ko da yake giga 8 ne ke sa aiki ya tafi ba gardama. Mai saye ya cire caja a gaban mai shago ya ga yadda batir ke sauka cikin rabin awa, ya danna kowane harafi, ya gwada kowace kafar USB. Chromebook a tabbatar ba a ɗaure take da sunan makarantar da ta fito ba. Ita kuwa iPad ko tablet ta Android, a sa mai sayarwa ya goge ta tas, a sake kunna ta a shagon. Idan ta nemi adireshin tsohon mai ita da kalmar sirrinsa, a ajiye masa kayansa.