Ciyar da Maras Lafiya Mai Wahalar Haɗiya: Abin Lura a Asibitocin Birnin Kebbi da Argungu

Gabatarwa

A asibitin tunawa da Sarkin Gwandu Yahaya da ke Birnin Kebbi, da babban asibitin Argungu, kamar dai sauran asibitocin ƙasar nan, aikin jinya kashi biyu ne. Likita yakan zagaya ya duba maras lafiya, ma'aikatan jinya su ba da magani su yi allura, amma kwanon kunu da cokali galibi suna hannun ɗan'uwan da ya zo zaman jinya, watau mata ko ɗa ko ƙanwa. Wannan zumunci abin yabo ne, kuma da babu shi da ɗawainiyar asibiti ta yi wa ma'aikata yawa. Sai dai akwai wani rukuni na marasa lafiya waɗanda cokali ɗaya na ruwa, in an ba su shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya zama sanadin ajalinsu. Su ne waɗanda haɗiya ta yi wa wuya. Tun da yake hannun ɗan'uwa ne ke ciyarwa, to, wajibi ne ilmin haɗiya ya isa ga wannan hannu, kuma a bayyana shi da irin abincin da ake ci a ƙasar Kabi da Gwandu.

Yadda haɗiya take

Mai lafiya yana haɗiya sau ɗaruruwa kowace rana ba tare da ya lura ba, alhali kuwa aiki ne mai wuyar tsari. A can ƙarshen baki hanyoyi biyu ne suka haɗu: ta iska a gaba, wadda ke zuwa huhu, da ta abinci a bayanta, mai tsawon kimanin santimita 25, wadda ke zuwa ciki. Bayan haƙora sun tauna loma, miyau ya jiƙa ta, sai harshe ya tura ta baya. A daidai wannan lokaci zakaran wuya yakan ɗaga sama, wani ɗan marfi ya rufe bakin hanyar iska, numfashi ya tsaya cak, loma ta wuce. Duk wannan bai wuce kamar daƙiƙa ɗaya ba. Wanda ya ɗora yatsa a zakaran wuyansa ya haɗiye miyau zai ji wannan motsi.

Ƙwaƙwalwa ce ke tsara wannan aiki ta hanyar jijiyoyi da tsokoki masu yawa. In tsarin ya sami tangarɗa, sai marfin ya makara, abinci ko ruwa ya bi hanyar iska. Shi ne abin da Bahaushe ke kira ƙwarewa. Mai lafiya in ya ƙware tari yake yi ya fitar da abin. Amma wasu marasa lafiya jijiyoyin maƙogwaronsu sun daina ji, saboda haka ruwa na iya gangarawa huhunsu ba tari ba atishawa. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga zazzaɓi da haki, a ce ciwon huhu ya kama shi, ba a san daga kofin ruwa abin ya samo asali ba.

Waɗanda abin ya fi shafa

Na farko su ne masu shanyewar ɓarin jiki. Kusan rabin waɗanda ciwon ya sama sukan yi fama da haɗiya a kwanakin farko. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba wajen haddasa wannan ciwo. Abin farin ciki shi ne yawancinsu haɗiyar takan dawo cikin 'yan makonni. Ke nan kwanakin farko su ne na hatsari, kuma wanda aka tsallakar da shi su lafiya yana da kyakkyawan zaton komawa cin tuwonsa.

Sai tsofaffi masu gigin tsufa, da masu cutar karkarwar jiki, da waɗanda suka bugu a kai sakamakon hatsarin mota ko babur, da masu ciwon daji a baki ko maƙogwaro. Cikin yara akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau. Akwai kuma waɗanda suka sha ruwan sodar yin sabulu bisa kuskure, hanyar abincinsu ta ƙone ta tsuke. Har ila yau akwai yaran da cutar noma ta ci musu naman baki da kunci, muƙamuƙinsu ya ɗaure. Saboda irin waɗannan ne aka buɗe asibitin noma na Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

A ƙauyuka da yawa, in mutum ya kasa haɗiya, akan ɗora laifin a kan beli, a kira wanzami ya cire. Cire beli ba ya gyara jijiyar da ta shanye, sai dai ya ƙara rauni da zubar jini a wurin da dama ke cikin wahala.

Alamomin da mai jinya zai lura da su ba su da wuyar ganewa: tari ko shaƙewa yayin ci da sha, dalalar miyau, sauyawar murya bayan shan ruwa ta koma kamar ta mai kurkurar maƙogwaro, taruwar abinci a kunci, daɗewa ana juya loma ɗaya, rama, da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa tare da kaki.

Kaurin abinci da abin sha

Yawancin mutane sun ɗauka ruwa ya fi komai sauƙin haɗiya, shi ya sa shi ake fara miƙa wa maras lafiya. Ga mai raunin haɗiya kuwa, ruwa tsararo ya fi komai saurin gudu, yakan isa maƙogwaro tun marfi bai rufe ba. Abu mai ɗan kauri yana tafiya a hankali, ya ba tsokoki damar shiryawa.

A da kowace ƙasa da irin sunayen da take ba kaurin abincin marasa lafiya, har aka riƙa samun ruɗani. A 2013 masana daga ƙasashe daban-daban suka kafa kwamiti don daidaita al'amarin, suka fito da ma'auni mai matakai 8, daga 0 zuwa 7. Abin sha yana daga mataki na 0, watau ruwa tsararo, zuwa na 4. Abinci kuwa daga na 3 zuwa na 7, watau abinci irin na kowa. Ana gwada abin sha da sirinji mai cin mililita 10, a cire allura, a bar shi ya tsiyaye na daƙiƙa 10, a duba abin da ya rage. Inda babu sirinji cokali ya isa gwada mataki na 4: a ɗebo, in abin ya tsaya a cokali bai zuba ba, sa'an nan da aka karkata ya sulluɓe gaba ɗaya bai manne ba, to, ya yi. A mataki na 5 gutsattsarin abinci ba sa wuce faɗin milimita 4 ga babba, a na 6 kuma loma ba ta wuce santimita ɗaya da rabi.

Ƙasar da ke noma shinkafa a fadamar Gulbin Rima, ga gero da dawa, ga kifin Argungu, ba ta rasa abin da za ta cika wannan ma'auni da shi ba. Kunun gyaɗa da koko da kunun tsamiya ana iya dama su daidai kaurin da likita ya faɗa, a tace da rariya. Abubuwa biyu ne za a kiyaye. Kunu yana ƙara kauri in ya huce, saboda haka a gwada shi a lokacin da za a ba da shi. Sa'an nan miyau yana narkar da kunun hatsi, don haka in ana mai da cokali daga baki zuwa kwano, kafin a gama sai a tarar ya tsinke. Dabara ita ce a riƙa zuba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano dabam.

Fura da nono tana da amfani ƙwarai, amma in an bar gudaji suna yawo cikin ruwa-ruwan nono, an haɗa wa maƙogwaro aiki biyu a lokaci guda. A dama ta sosai ta zama bai ɗaya. Tuwon shinkafa yana da danƙo, yana iya mannewa a ganɗa, sai a yi shi da taushi a murje shi cikin miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa har ya daina kama cokali. Kifi yana gina jiki, kuma tarwaɗa ta fi karfasa ƙarancin ƙananan ƙaya, amma ko ita sai an dafa ta lugub an bi ta da yatsu an tsince. Busasshen kifin da aka watsa cikin miya ya fi ɓoye ƙaya. Dambu, gyaɗa, aya, kilishi, tsire da busasshen burodi kuwa a jingine su har sai haɗiya ta dawo.

Kauri ba magani ba ne shi kaɗai. Abu mai kauri ba ya kashe ƙishirwa sosai, marasa lafiya da yawa sukan rage sha, ga shi kuwa a watannin Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Saboda haka ba a kaurara wa kowa abin sha sai wanda aka gwada aka ga yana bukata, kuma a riƙa duba fitsarinsa: in ya yi kaɗan ya yi ja, a sanar da ma'aikata.

Ladubban ciyarwa

Kada a ciyar da maras lafiya yana kwance, ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi sosai, a tokare bayansa da matasan kai, kansa a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya. Mai ciyarwa ya zauna daidai da shi. In ya tsaya a kansa, maras lafiya zai ɗaga kai sama, wannan kuwa yana buɗe hanyar iska. A yi amfani da ƙaramin cokali, ba ludayi ba, a sa abincin ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, a jira a ga zakaran wuya ya ɗaga ya sauka kafin a ƙara. Masu zuwa dubiya su dakata da gaisuwa, domin wanda ke amsa gaisuwa da loma a baki yana shaƙar iska. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. In ya gaji a tsaya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Bayan an gama a duba kuncinsa ko abinci ya maƙale, ya zauna aƙalla minti 30 kafin ya kwanta.

Ɗura, watau toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu, tana tilasta shi jan numfashi ta baki alhali bakin cike yake. Ga yaro mai raunin haɗiya wannan hatsari ne babba. Haka nan ɗura wa wanda ya suma ruwa ko jiƙo. Ƙwayar magani ma ba kowace ake dakawa ba, sai an tambayi mai ba da magani.

Tsabtar baki tana da muhimmancin da ba a cika ba ta ba, domin ƙwayoyin cutar da ke cikin baki su ne ke bin miyau su sauka huhu. A wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi 11 a Japan, wanda aka buga a 2002, cikin shekara biyu ciwon huhu ya kama kashi 19 cikin ɗari na waɗanda ba a kula da bakinsu musamman ba, amma kashi 11 kawai na waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci. Buroshi mai laushi ko asuwaki ba su da tsada.

In loma ta toshe hanyar iska, muddin mutum yana iya tari a bar shi ya yi, kada a ba shi ruwa. In ya kasa tari da magana, a sunkuyar da shi gaba a bugi tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. In ba ta fito ba a tsaya a bayansa, a ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya, a ja ciki da sama da ƙarfi sau 5, ana yi ana kiran ma'aikata. Jariri da mai juna biyu ba a matsa musu ciki, ƙirji ake dannawa.

Wani lokaci likita yakan hana ci ta baki gaba ɗaya, ya sa robar abinci ta hanci. Dangi sukan firgita, su ɗauka alamar ƙarshe ce, har a riƙa ba maras lafiya ruwa a ɓoye don tausayi. Sau da yawa robar gada ce kawai ta 'yan kwanaki, wadda ke kai abinci da magani ciki har maƙogwaro ya farfaɗo.

Kammalawa

Masanan da suka ƙware kan gyaran magana da haɗiya kaɗan ne a Nijeriya, kuma akasarinsu suna manyan birane. Wannan bai zama dalilin naɗe hannu ba. A 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a sassan jinyar masu shanyewar jiki 19 a Ostareliya, inda aka koya wa ma'aikatan jinya kula da abubuwa uku: zazzaɓi, sukarin jini, da gwada haɗiya kafin a ba da komai ta baki. Mace-mace da naƙasa suka ragu, ba tare da an sayi wata sabuwar na'ura ba.

Darasin ya shafi ɗalibai masu koyon aikin lafiya da ma'aikatan da ke tsara harkokin asibitoci a Jihar Kebbi. Abin da ake bukata shi ne ya zama ƙa'ida a gwada haɗiyar duk mai shanyewar jiki kafin kofin farko, a rubuta matakin abincinsa a kan gadonsa da boko da ajami, a zaunar da mai jinya a nuna masa da kwano da cokali, sa'an nan a maimaita masa ranar sallama, domin a gida ne mafi yawan jinyar take. Kuɗin wannan bai kai na jinyar ciwon huhu ba, kuma rigakafi ya fi magani.