Kafin ki kyautar da tsohuwar rigar Baba

Uwargida, ciro babbar rigar nan da ke ƙasan akwati ki duba ƙirjinta. Aska biyu ce ko aska takwas? Magabata suna ɗaukar askar kariya ce ga mai rigar. In zaren tsamiya ne, silikin tsutsar daji ne, aikin allura na watanni, ba irin na keke da ya cika kasuwar Sabon Gari ba.

Abdoulaye Konaté na Mali yana yayyanka shadda, ya jera ta ta rufe bango guda, ana baje kolinta har Turai. Nan Samaru ma, a ABU, har digiri ake yi kan saƙa da rini.

Don Allah kada ki sa ta a leda, danshin damina zai cinye zaren. Farin ƙyalle za ki naɗe ta da shi.