Ƙusar Katako Mai Ja: Dabarar Da Ke Hana Teburin Kafinta Girgiɗi

Duk mai kallon bidiyon kafintoci a YouTube ya sha ganin teburin aiki mai kaurin ƙafafu irin wanda kafintan Faransa André Roubo ya zana a littafinsa da ya fara fitowa a 1769. Masu ƙera irinsa a yau sukan ɗaure ƙafafu da sandunan ƙasa da ƙusar katako mai ja, wadda ke riƙe haɗi ko da gam ya saki.

Yadda take aiki

Ana sassaƙa harshe a bakin sanda, a fafe rami daidai shi a jikin ƙafar tebur. Sai a huda ƙafar ta gefe, hudar ta ratsa ramin. A zura harshen, a yi masa alama ta cikin hudar, a zaro shi. A nan sirrin yake: ba a kan alamar ake huda harshen ba, ana matsawa kamar milimita 1 zuwa 2 wajen kafaɗarsa, wato gindinsa. Tunda hudojin sun ɗan saɓa, idan aka buga ƙusar sai ta lanƙwasa kaɗan, ta janyo kafaɗar ta manne da ƙafar tsam.

Kurakuran da aka fi yi

1. Matsawa wajen bakin harshe maimakon kafaɗa. Ƙusar za ta tura haɗin ya buɗe. Gyaransa shi ne a toshe hudar da guntun katako da gam, in ya bushe a sake hudawa.

2. Saɓani ya yi yawa. Ko ƙusar ta karye a ciki, ko bakin harshen ya tsage. Katako mai tauri ƙaramin saɓani yake so.

3. Yanka ƙusar da zarto. Gara a faskara ta daga itace mai tauri, domin jijiyar itacen ta bi tsawonta.

4. Rashin fiƙe bakinta. Ƙusa mai dakusasshen baki ba za ta sami hanyar shiga huda ta biyu ba.

5. Ɗanyen itace. In hunturu ya busa zai tsuke, ƙusar ta yi sako-sako.

Zare ƙusar da ta riga ta shiga sai an huda ta. Don haka a fara gwaji a kan ragowar katako kafin a taɓa ƙafar tebur.